A Hannun Wa Ka Koya? Makarantar Sana'a Da Rumfar Ubangida A Iyakar Jibiya



Duk wanda babur ya taɓa mace masa a Magamar Jibiya ya san tambayar da muka ɗora a kan wannan rubutu. Ka turo babur ɗinka zuwa wata rumfa a bakin titi, rana ta karkata, kana so ka kai Ɗan Isa ko ka koma Katsina kafin magariba. Wani matashi da ba ka taɓa gani ba ya taso da sifana a hannu. Kafin ka sakar masa kan babur sai ka ji bakinka ya ce, "Samari, a hannun wa ka koya?" In ya kira sunan wani tsohon bakanike da garin ya sani, sai ka nemi benci ka zauna. In kuwa ya ce makarantar koyon sana'a ya yi, har da takardar shaida, sai ka yi ɗan jim, ka tsaya a kansa kana kallon hannunsa.

Wannan ɗan jim ɗin muke so mu bi sawunsa yau. An haura shekara ɗari ana buɗe makarantun sana'a a ƙasar Hausa, a ɓangaren Najeriya da na Nijar, amma har gobe mai kawo aiki ya fi yarda da sunan ubangida a kan hatimin makaranta. Yaron da ya ba makaranta shekara uku na ƙuruciyarsa shi ke ɗaukar asarar wannan rashin yarda. Abin yana da tarihi, kuma Jibiya wuri ne mai kyau da za a tsaya a hango shi, domin a nan ne makarantun ƙasa biyu suke fuskantar kasuwa guda.

KAFIN A KAWO ALLI DA BENCI

Kafin zuwan Turawa, gida ne makarantar sana'a. Ɗan maƙeri a maƙera yake buɗe ido. Aikinsa na farko zuga: ya zauna yana danna zugazugi, yana kallon yadda ƙarfe ke sauya launi a wuta, har idonsa ya san irin jan da ake jira kafin a ɗora shi a kan uwar maƙera. Sai ya yi shekaru a haka kafin a miƙa masa masaba. Haka ɗan majemi, haka ɗan marini, haka ɗan baduku da ɗan wanzami. 'Ya mace kuma a gindin uwa ko kaka take koyon kaɗi da kitso da saƙar faifai. Babu ranar shiga, babu ranar fita. Ranar da baƙo ya kawo aiki uba ya ce, "Ba shi ya yi maka," ranar nan aka yaye yaro.

Shi ma mai kawo aiki yana da inda zai kai kuka. Manyan sana'o'i suna da shugabanni da sarki ya naɗa: Sarkin Maƙera, Sarkin Fawa, Sarkin Aska, Sarkin Magina. In an ɓata maka aiki ka san ƙofar da za ka je ka yi sallama, gidan da ya ɓata aikin kuma ya san sunansa ne zai zube a kasuwa. Wannan tsari ne ya fitar da Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830 da ƙasa da azara. Da Heinrich Barth, Bajamushen matafiyin nan, ya ratso Tasawa da Gazawa ya shigo Katsina a farkon 1851 sannan ya wuce Kano, ya tarar da tufafin da masaƙa da marinan Kano ke yi suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus.

Sai dai kada mu yi wa jiya kwalliyar da ba tata ba. Ƙofar sana'a a rufe take ga wanda bai gada ba. Gwani kan ɓoye sirrin aiki har ya mutu da abinsa. Wasu sana'o'in ana raina masu yinsu har a wajen neman aure, kuma aiki mai yawa bayi ne suka yi shi. Amma akwai abu ɗaya da tsarin ya tabbatar: mai koyo yana koyo ne a gaban mai kawo aiki tun ranar farko. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ita kanta iyakar da ta gitta arewacin Jibiya ƙanwar waɗannan sana'o'i ce, nesa ba kusa ba. Bayan masu jihadi sun ci Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi. Jama'a suka bi su, har da masu sana'a. Ingila da Faransa suka yi ta ja-in-ja a kan takarda a 1898 da 1904 da 1906, sannan tsakanin 1906 da 1908 Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho suka bi daji suna kafa alamomi tun daga kogin Kwara har tafkin Chadi. Maƙerin da ke kudu da alama ya wayi gari talakan Ingilishi, ɗan'uwansa na arewa talakan Faransi. Fartanyar da suke ƙerawa iri ɗaya ce, manoman da ke saye su ne dai na jiya. Abin da ya rabu shi ne makarantar da za a kawo wa 'ya'yansu: nan boko da Turanci, can lakwal da Faransanci.

MAKARANTAR ƊAN HAUSA

A 1909 ne Hanns Vischer, wanda aka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantun gwamnati na farko a Arewa, a Nassarawa ta Kano, bayan ya zaga Masar da Sudan ya ga yadda ake yi a can. Akwai ajin malamai, akwai na 'ya'yan sarakuna, akwai kuma makarantar sana'a, inda ake koyar da dukanci da ƙira da ɗinki da aikin kafinta. Dabarar da ya yi ita ce ya ɗauko gwanayen gargajiya su koyar. Gidansa na nan a Kano har yau. Daga nan irin wannan makaranta ta bazu zuwa wasu manyan garuruwan Arewa.

Tunanin da ke tashe a lokacin daga Amurka ya taso. Booker T. Washington ya kafa makarantar Tuskegee a 1881 don koya wa baƙar fata aikin hannu, kwamitin Phelps-Stokes ya zaga Afirka ta Yamma a 1920 zuwa 1921 ɗauke da wannan ra'ayi, a 1925 kuma London ta fitar da takardar manufar ilmi a ƙasashen da take mulka a Afirka. Vischer ɗin nan shi ne sakataren kwamitin da ya tsara ta. Abin da suke so shi ne a ba ɗan Afirka ilmin da zai zaunar da shi a garinsu da sana'a a hannu.

Ɗalibi kuwa da idonsa yake karatu. Kwalejin Katsina ta fara aiki a 1921, Gwamna Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922, ita ce ta yaye su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yaro ya ga ɗan kwaleji ya fito ya zama malami ko ma'aikacin En'e, ga albashi, ga gaisuwa a hanya. Ya ga ɗan makarantar sana'a ya fito da aikin da maƙwabcinsa ya gada a kyauta, mai saye kuma gidan magaji yake nufa. Uba ma ya yi nasa lissafin: in dukanci za a koya wa ɗana, me ya sa zan ba Nasara shi? Wajen 1930 aka haɗe makarantun sana'a da manyan azuzuwan firamare aka yi Midil, aikin hannu ya koma darasi ɗaya cikin darussa. A 1930 ɗin ne kuma aka buɗe makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina, ta Katsina da goyon bayan Sarki Muhammadu Dikko. An koya musu ɗinki da tsafta da renon yara, amma don gidan aure aka shirya su, ba a yi musu tunanin kasuwa ba.

Tun daga wancan zamani tabon ya zauna: makarantar sana'a wurin wanda alƙalami ya ƙi ne. Mu ma mun taso mun ji ana tsorata yaro da ita in ya faɗi jarrabawa.

MOTA TA ZO DA NATA MAKARANTAR

Mota ce ta buɗe ƙofar da makaranta ta kasa buɗewa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi. Gyaɗar ƙasar Maraɗi kuwa hanyarta mafi sauƙi zuwa teku ita ce ta Jibiya zuwa Katsina zuwa Kano, daga nan jirgi ya kai ta Ikko. Da farko raƙuma da jakuna ke ɗauka, daga baya manyan motoci suka karɓa. A farkon shekarun 1950 Faransa ta ƙirƙiro tsarin karkatar da gyaɗar ta Dahomey, amma hanyar Jibiya ba ta mutu ba.

Babbar mota tana tafe da yunwar hannaye: direba, yaron mota, bakanike, mai faci, mai walda, mai gyaran waya da batir, kafintan da zai haɗa bodi. Ba wanda ya gaji ko ɗaya daga cikinsu, babu kuma Sarkin Bakanike da zai ce kai ba ɗan gida ba ne. Ɗan manomi ya shiga gareji, ɗan mahauci ya shiga, almajirin da ya sauke ya shiga. Sabuwar sana'a ce, amma tsohon tsari suka aro mata: ubangida da yaronsa. Yaro ya fara da wankin kayan aiki da miƙa sifana, kamar yadda ɗan maƙeri ya fara da zuga. Emmanuel Grégoire, Bafaranshen da ya yi littafi a kan Alhazan Maraɗi a 1986, ya nuna haka abin yake ko a kasuwanci: da yawa daga manyan attajiran garin da barantaka suka fara, har ubangida ya yarda da su ya ba su jari.

A garejin bakin iyaka har harshe biyu yaro ke koya ba tare da an sa shi aji ba. Mai motar Najeriya ya ce masa fulogi, na Nijar ya ce buji. Wannan ya yi maganar kwastan, wancan ya yi ta duwan. Ya karɓi naira, ya karɓi sefa, ya san canjin yau kafin ya faɗi kuɗin aiki.

Gwamnati ba ta zauna ba a nata ɓangaren. Shirin raya ƙasa na shekara goma da aka fara a 1946 ya kawo cibiyoyin koyon sana'a a Yaba da Inugu da Kaduna, daga baya aka ƙara da irin su Bukuru. Makarantar fasaha ta Kaduna ta 1956 ita ce ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a 1968. A ƙarshen shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta sake buɗe makarantun sana'a a larduna. Ɗalibai na zana jarrabawar City and Guilds ta London, ga kuma gwajin sana'a mai mataki uku na Ma'aikatar Ƙwadago. Horon da aka yi a waɗannan wurare mai kyau ne, tsofaffin da suka yi su shaida ne.

Tambayar ita ce, wa aka horar da su su yi wa aiki? Hukumar jiragen ƙasa, hukumar lantarki, ma'aikatar ayyuka, masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957, kamfanin Peugeot na 1975, kamfanin mulmula ƙarafa na Katsina na farkon shekarun 1980. Ɗalibi ya fito aiki na jiransa, bai taɓa yin ciniki da mai kawo gyara ba. Shi kuma mai babur a Jibiya bai taɓa ganin hannunsa ba. Haka aka yi shekara kusan arba'in, mai takarda na cikin masana'anta, mai kawo aiki na rumfar ubangida, ba su haɗu ba balle su saba.

Sun haɗu ne a ranar wuya. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 naira ta faɗi, masana'antu suka fara sallamar ma'aikata, masaƙar Kaduna ta rufe a 2002. Mai takarda ya fito bakin titi ya tarar wasu sun riga shi kafa rumfa. Ya san zanen cikin inji da sunan kowane ƙarfe, amma ba a koya masa yadda ake sarrafa ƙarfen bola ya maye gurbin wanda babu a kasuwa ba, ko yadda ake haƙuri da mutumin da zai biya rabi ya ce sauran sai ranar kasuwa.

INJINAN DA SUKA TSUFA A AKWATI

Akwai wani babi da da yawanmu muka gani da idonmu. A 1977 aka fitar da manufar ilmi ta ƙasa, a shekarar ce kuma aka kafa hukumar kula da ilmin fasaha, NBTE, mai hedikwata a Kaduna. A 1982 tsarin 6-3-3-4 ya fara aiki, aka ce duk yaron ƙaramar sakandare zai taɓa aikin katako da ƙarfe da lantarki. Aka sayo injina daga ƙasashen gabashin Turai aka rarraba. Makarantu da yawa babu ɗakin aiki, babu wuta, babu malamin da ya san kan injin. Akwatuna suka zauna a sito har tsatsa da gara suka raba gado. Mu kuwa muka zana zarto a littafi, muka rubuta sunayen sassansa, muka ci jarrabawa, ba mu taɓa yanka katako ba.

Da rashin aiki ya yi tsanani, hukumar samar da ayyukan yi, NDE, ta fara aiki a 1987. Babban shirinta shi ne ta ɗauki matashi ta kai shi rumfar ubangida ya koya, tana ɗan biyan alawus. Wato bayan kusan shekara tamanin da makarantar Nassarawa, gwamnati da ƙafarta ta koma wurin gwanin bakin titi. A 1987 ɗin ne kuma Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirinta na kyautata rayuwar matan karkara, cibiyoyin mata suka yawaita, ana koyar da ɗinki da saƙa da haɗa sabulu.

Yau yaron Jibiya da ke son makarantar sana'a yana da inda zai duba. Ta kudu akwai kwalejojin fasaha na gwamnati a Mashi da Ingawa da Funtuwa, masu zana jarrabawar NABTEB, akwai Kwalejin Hassan Usman Katsina da aka kafa a 1983, akwai ƙauyen koyon sana'a na matasa da aka buɗe zamanin Gwamna Ibrahim Shehu Shema, akwai cibiyar da marigayi M.D. Yusufu, tsohon sufeto janar na 'yan sanda, ya kafa a cikin birnin Katsina. Ta arewa akwai sakandaren fasaha mai sunan Ɗan Kasawa a Maraɗi da cibiyoyin koyon sana'a na gundumomi. Katsina da Maraɗi kowacce tafiyar kusan awa guda ce in shingaye sun ƙyale ka. Amma takardar Maraɗi da Faransanci take, ba kowane ofishi ne a Katsina zai karanta ta ba, ta Katsina ma haka take a can. Hannu ne kawai ke tsallake iyaka ba a tambaye shi fassara ba. Mu duba yadda masu gini a biranenmu ke neman masu shimfiɗa tayil daga Togo da Benin. Ba wanda ya taɓa ce musu su nuna takarda. Ɗakin da suka gama jiya ake dubawa.

MAKARANTA TA UKU

A Jibiya akwai wata makaranta da ta fi waɗannan biyu ɗalibai, ita ce iyakar da kanta. Muddin fetur ya fi arha a nan, shinkafa ta fi arha a can, yaro mai babur da jarka zai samu a 'yan kwanaki abin da yaron gareji ba ya gani a wata. Wa zai yi shekara huɗu yana miƙa sifana alhali sa'ansa ya sayi sabon babur da kuɗin fito? Iyaye sun san haɗarin, amma tukunya ba ta jiran yaye.

Aibin wannan makaranta shi ne wani ne ke riƙe da makullinta. Gwamnatin Buhari ta soja ta rufe iyaka a Afrilun 1984, ba a buɗe ba sai Maris na 1986, har mutanen Nijar suka sa wa yunwar wancan lokaci sunan El Buhari. An sake rufewa a Agustan 2019, a Nuwamba aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Da aka buɗe wasu iyakoki a Disambar 2020 ba a sa Jibiya ba, sai Afrilun 2022. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, ranar 26 ga Yuli sojoji suka karɓi mulki a Yamai, ƙofa ta sake rufuwa har Maris na 2024. Ga matsalar 'yan bindiga da ta hana noma a ƙauyuka da dama. Kowane karo matasa ne ke wayar gari hannu rabbana.

Kowane karo kuma maganin da ake kawowa iri ɗaya ne: kwas na 'yan makonni ko wata uku, bikin yaye, hoto, keken ɗinki ko injin walda. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu kullum ranar muke fafe namu. Wasu kayan a kasuwa suke ƙarewa, kuma kafin mu zagi wanda ya sayar, mu tambayi ko an koya masa abin da zai sa wani ya kawo masa aiki.

A gidanmu an yi wannan. Wata ƙanwarmu ta yi kwas ɗin ɗinki na wata uku a wata cibiya. Ɗalibai sun fi kekuna yawa nesa, yawancin koyon a takardar siminti aka yi shi. Ta fito da shaida da keke. Ana saura kwana goma Sallah wata maƙwabciya ta kawo mata atamfa don ƙarfafa mata gwiwa. Ta yanka, hannun riga ya ƙi zama. Matar ba ta yi faɗa ba, ta dai ce, "Ba komai, 'yata," ta ɗauki kayanta. Gara ma ta yi faɗan. Aka biya atamfa, aka lulluɓe keke da zane har wata biyar. Daga baya mahaifiyarmu ta kai ta wurin wata tsohuwar tela a unguwa, ta koma sa maɓalli da guga da kalmasa, tana kallon yadda ake karɓar aiki da yadda ake ba da haƙuri. Bayan shekara guda maƙwabciyar nan ta dawo da kanta. Abin da ya ba mu mamaki shi ne ita ma tsohuwar ta ƙaru: a wurin yarinyar ta ga amfanin rubuta awon kowa a littafi da lissafin zare da lokaci kafin a faɗi farashi. Wannan cibiya ce ta koya mata.

Ita ma rumfar ubangida tana da nata laifin, kada mu rufe ido. Akwai yaron da zai shekara biyar ana aikensa sayen abinci da wankin motar maigida, ga duka, ga zagi, babu ranar yaye. Akwai ubangidan da ya tsaya inda nasa ubangidan ya tsaya, motar zamani mai kwamfuta ta zo yana gyara da cinke, mai mota na biyan kuɗin gwaji. Makaranta tana da awo da lissafi da sanin dalili. Rumfa tana da mai kawo aiki. Tun 1909 kowacce ke riƙe da rabin abin da yaro ke buƙata.

INDA ZA A HAƊA SU

Wasu sun haɗa. A Jamus, bisa dokar koyon sana'a ta 1969, mai koyo yana kwana uku ko huɗu na mako a wurin aiki, sauran a aji, akwai yarjejeniya a rubuce mai ranar farawa da ranar gamawa, kuma ƙungiyoyin masu sana'ar ne ke yi masa jarrabawa. In muka cire takardun, ashe Sarkin Maƙera ne aka ba ofis. A nan gida ma an fara: Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta ƙulla hulɗa da masu sana'ar kasuwar Panteka, NBTE kuma ta fito da tsarin da zai gwada gwanin da ya koya a rumfa a ba shi shaidar abin da ya iya.

Jibiya na da dalilin gaggawa. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kusan kilomita 284, kuma ta Jibiya zai bi. Ga madatsar ruwan garin da injinan ban ruwa da ke buƙatar gyara, ga sola da ke hawa rufin gidaje, ga waya a kowane aljihu. Jirgi zai zo da tasa yunwar hannayen kamar yadda mota ta zo da tata. Ko 'ya'yan garin ne za su yi aikin, ko kuwa za su tsaya suna sayar wa baƙi ruwan sanyi, ya danganta da abin da aka koya musu kafin ranar.

To, 'yan'uwa marubuta, ga namu rabon. Duk shekarun da muka jero a sama daga bakin masu buɗe makaranta aka samo su: wane ya kafa, wane ya ƙaddamar. Muryar yaron da ya zauna a benci da ta matar da aka ɓata wa atamfa ba su cikin kundi. Tsofaffin direbobin gyaɗa sun kusa ƙarewa, waɗanda suka zana City and Guilds sun tsufa. Kowannenmu yana da irinsu a unguwa. Mu je mu gaishe su, mu tambaye su a hannun wa suka koya, wane aiki suka fara ɓatawa, me mai aikin ya ce musu. Mu rubuta da kalmominsu na gareji da shago, kada mu wanke su.

Mu ma fa 'yan koyo ne. Abubakar Imam ɗan Kwalejin Katsina ne, yana da takardarsa, ya kuma yi fice a gasar 1933 da Ruwan Bagaja. Duk da haka a 1936 sai da ya je Zariya ya zauna tare da Rupert East, yana rubutawa ana dubawa ana gyarawa, kafin Magana Jari Ce ta fito. Mai karatu shi ne mai kawo mana aiki, kuma shi ma yakan yi ɗan jim kafin ya ba mu lokacinsa.

Wanda ya samo labarin wani tsohon gwani ko wata tsohuwar ɗalibar cibiya, ya kawo mana nan mu karanta tare, ya sakaya sunan da bai nemi izini ba. Allah Ya sa albarka a hannayenmu, Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.